Guduma da Kwano

Talata, ƙarfe tara na safe

Alhamdu lillahi. Mace ce! An haife ta ƙarfe takwas saura kwata, kuma ina jin ni na fara rubuta ta a duniya, don malamar asibiti ba ta ma cika katinta ba tukuna. Wannan littafi tun watan jiya na saye shi na tura ƙarƙashin katifa, na ce ba zan sa masa biro ba sai jikata ta fari ta iso. Shekara sittin da huɗu na yi ina dangwala yatsa a takarda. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yamma. Ga ranar amfaninsa.

Da aka miƙo mini ita na ji kamar babu kowa cikin zanen. Na ce wannan ai auduga ce. Tsohuwa, matata, ta ce, "To riƙe da kyau, hannun da bai san komai ba sai guduma." Na ce, "Ke dai yi ta kanki, an kawo wadda ta fi ki kyau." Ta ce ta gani, har bakin ma iri ɗaya da nawa, babu haƙori ko ɗaya. Maijego, surukata, tana kwance tana roƙon mu daina ba ta dariya.

Dogo bai sani ba. Ɗan nawa a bencin nan ya kwana, da asuba aka ce masa haihuwa sai yamma, shi ne ya tafi ya ƙarasa rufin benen da suke yi, don hadari na ta haɗuwa kwanan nan. Wayarsa tana cikin jaka a ƙasa. Ni na koya masa ba a hawa rufi da waya. Tsohuwa ta ce a kira Gajere abokin aikinsa. Na ce babu Gajeren da zai cinye mini albishir. Da ƙafata zan je, da bakina zan faɗa.

Talata, bayan la'asar

Mun dawo asibitin. Wani ɓangare dabam.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Dogo ya faɗo daga rufin, hawa uku. Ƙugu, haƙarƙari huɗu, da kai. Likita ya ce kan ne abin dubawa. Bai farka ba. Ɗakin da yake mutum ɗaya ake bari ya shiga, minti biyar, kuma sai an cire takalmi.

Auduga tana sama, ubanta yana ƙasa. Matakala ashirin da biyu ce tsakaninsu. Na ƙirga.

Tsohuwa ta shiga. Ni na riƙe mata takalmi.

Alhamis, da azahar

Babu canji. Auduga ta yi atishawa sau biyu.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

An sallami Maijego da jaririya. Kafin su tafi ta shiga wurin mijinta, ta fito ba ta ce komai ba sai wannan: ba za a rubuta suna a katin yarinya ba sai ubanta ya farka ya ji. Malamar asibiti ta ce wurin sunan ba zai gudu ba.

Bencin nan na katako ne, an buga shi da ƙusa inci uku inda ya kamata a sa huɗu. Ƙafa ɗaya na rawa. Tun safe nake kallonsa. Da da guduma a kusa da na gyara musu.

Tsohuwa ta shiga. Na riƙe takalmi.

Lahadi, da hantsi

Na wuce gidan su Maijego kafin in taho. Na ɗauki Auduga. Ta kama ɗan yatsana na tsakiya, wanda guduma ta lanƙwasa tun ina saurayi, ta ƙi saki. Wallahi na yi dariya har da hawaye. Daga baya na ji kunyar dariyar. A mota kuma na sake tuna hannun, na sake yin murmushi ni kaɗai, har wanda ke kusa da ni ya matsa. Ban san yadda mutum zai ɗauki abu biyu irin wannan a ƙirji ɗaya ba. Na gaji.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Gajere ya zo da jakar Dogo. Waya, kwanon abinci, tef ɗin awo, guduma. Ya zauna a ɗaya gefen bencin yana juya hularsa.

Ya ce, "Baba, sannu da jinya."

Na ce, "Yauwa. Ya aikin?"

"Mun ƙarasa. Ruwa bai same mu ba."

Sai ya ɗauko gudumar ya nuna mini bakinta, duk farin siminti. Ya ce tare suka baro sama, ita da Dogo. Ita ta zo tsaye, ta fasa bulo biyu cikin tarin da ke gindin bango. Shi kuma a kan yashi aka ɗauke shi, taku huɗu daga wurin, kwanon rufin yana hannunsa har lokacin, sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

Na ce, "Na sani."

Ya dube ni ya ce, "Haka ne, Baba." Gajere surutu gare shi kamar rediyo, amma yau ya san inda zai tsaya.

Talata, bayan azahar

Mako guda. Ban je aji ba, ba zan je ba.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tun jiya zancen Gajere ke yi mini yawo a kai. Tare suka baro sama, amma ba wuri ɗaya suka sauka ba.

Na yi shekara arba'in ina rufi kafin gwiwa ta sauko da ni. Abin da na sani shi ne, guduma ba ta da wayo. In ta suɓuce, ka duba ƙasa daidai inda ta suɓuce, a nan za ka same ta. Ƙusa haka, ƙaramin katako haka. Kwano kuwa ba a san masa hanya. Zai yi dama, ya yi hagu, ya kwanta kamar zai huta, sannan ya juya gefensa ya taho kamar wuƙa. Na taɓa ganin ya raba garwar ruwa biyu. Shi ya sa duk wanda ya koyi aiki a hannuna, ranar farko nake gaya masa: in iska ta kama kwano a hannunka, ka saki, kwano ba ɗan'uwanka ba ne. Sai fa in akwai mutum a ƙasa. In akwai mutum a ƙasa ba a saki.

Dogo yana ɗan shekara sha biyar ya fara jin wannan a bakina.

Tsohuwa ta shiga. Takalminta ɗaya ya fara tsinkewa, na ɗaure mata da zare.

Alhamis, da yamma

Yau mai shara ta yi mini faɗa, kuma ita ke da gaskiya.

Na tuna wani darasi da Malam ya yi mana bara a ajin yamma. Ya hau kan tebur, ya riƙe makullansa a hannu ɗaya, fallen takarda a ɗaya, ya ce wanne zai riga isa ƙasa. Duk muka ce makulli, ai ya fi nauyi. Ya saki, makulli ya riga. Mai gyaran keke da ke zama bayana ya ce, "Malam, wannan ko akuyata ta sani." Sai Malam ya dunƙule takardar nan dai, ya sake saki. Tare suka sauka. Ya ce, "To, wa ya ƙara mata nauyi?" Ya ce ƙasa jan komai take yi, kuma da babu iska a tsakani, da dutse da gashin kaza tare za su sauka. Iska ce ke tare abu, gwargwadon faɗin da ya ba ta.

Ranar dariya na yi, na ce ashe abin da nake gani a rufi yana da karatu.

To yau na hau matakalar nan ashirin da biyu, na yage shafi uku daga bayan littafin nan. Na saki ɗaya a buɗe. Ya yi lilo, ya tafi can gefen taga. Na dunƙule ɗaya, ya sauka tsaye. Na uku na naɗe masa ɗan dutse a gefe ɗaya, na bar sauran a buɗe, kamar mutum riƙe da kwano. Kafin in ga inda ya faɗa sai na ji murya daga ƙasa.

"Baba! Kai da ya kamata ka hana yara, kai ne ke zuba mini shara?"

Na ce, "Yi haƙuri, 'yata, gwaji nake yi."

Ta ce, "Gwajin haƙurina?"

Na sauko na tsince. Ta tsaya da tsintsiya tana kallona, sannan ta ce, "Mai ƙugun nan ɗanka ne? Kullum ina share ƙarƙashin gadonsa. Kai ban taɓa ganinka ciki ba."

Na ce gwiwa ce. Ta dubi matakalar da na sauko yanzu, ta ci gaba da shararta.

Juma'a, da safe

Ya motsa yatsun ƙafa. Likita ya ce kada mu yi saurin murna, kada kuma mu ƙi yi.

Asabar, bayan la'asar

Malam ya zo da kansa, da gaisuwar 'yan aji. Yaro ne, sa'an Dogo, da rana yana koyar da yara, da yamma yana fama da mu. Bayan gaisuwa na ce ina da tambayar karatu. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ya zo da biro.

Na ce, "Daga hawa uku zuwa ƙasa, lokaci nawa ne?"

Ya tambayi tsayin benen, na gaya masa. Ya yi ɗan lissafi a tafin hannunsa ya ce, "Daƙiƙa ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan."

"Ko mutum mai nauyi ne ko mara nauyi?"

"A wannan tazarar, kusan ɗaya ne."

Na ce, "To kwanon da ke hannunsa fa? Ya rage masa gudu?"

Ya ce, "Baba, kana son in faɗi mai daɗi ko in faɗi abin da na sani?" Na ce abin da ya sani. Ya ce fallen kwano ɗaya ba zai ɗauki nauyin namiji kamar Dogo ba. Wataƙila ya rage kaɗan, in a kwance yake, in bai juya ba. Amma tura shi gefe, wannan kam iska za ta iya, tunda tana da abin kamawa. Ya ce mai yiwuwa shi ya sa bai bi guduma kan bulo ba.

Na ce, "To da ya saki kwanon tun yana sama, ina kwanon zai faɗa?"

Ya rufe biro. Ya ce, "Guduma zan iya lissafa maka. Kwano a cikin iska, ko wanda ya koya mini ba zai iya ba."

Ya tambaye ni me ya sa nake son sani. Na ce karatu ne kawai. Ya ce in na dawo aji ni zan yi wa sababbi wannan darasin, don na fi shi ganinsa.

Lahadi, da azahar

Daƙiƙa ɗaya da rabi. Na gwada da agogon bango. Bai kai mutum ya faɗi kalma ɗaya mai tsawo sau biyu ba.

Litinin, da yamma

Auduga ta fara bin haske da ido. Kumatunta sun ciko. Na yi mata waƙa, ta yi hamma. Kowa ya ce hancin Dogo ne. Nawa ne, shi ma aro ya yi.

Na gaji ƙwarai. Har biro nauyi yake yi mini.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Malam ya taɓa cewa abin da mutum ya kasa faɗa ya gwada rubutawa. To bari in gwada, tunda ba mai karanta littafin nan.

Ranar da aka haifi Auduga na sauka daga mota da gudu-gudu, ni da gwiwar nan. Na hango shi a can sama, ya ɗauko falle zai kai gefen rufi. Akwai iska, na ji ta a rigata. Na san ba a kiran mai rufi in yana ɗauke da kwano. Ni na koyar da hakan. Na san ba a tsayawa gindin bango ana rufi. Wannan ma ni na koyar. Na wuce igiyar da suka ɗaura, na tsaya a gindin bangon, na cire hula ina kaɗawa, na buɗe murya na ce, "Dogo! Albishirinka!"

Ya juyo. Kwanon ya juyo tare da shi, ya ba iska faɗinsa duka. Na ga ya dubi ƙasa. Ya gan ni.

Bai saki ba.

Shi ke nan. Na rubuta.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Ya buɗe ido! Ya gane uwarsa! Ta fito tana kuka tana dariya, ta sa takalmi a juye. Na zauna a bencin nan.

Ta ce, "Tashi ka shiga." Na ce minti biyar ɗin yau sun ƙare.

Asabar, da hantsi

An mai da shi babban ɗaki, gado na shida daga ƙofa. Yana shan ruwa da kansa. Likita ya ce ƙugun zai ɗauki watanni, amma yana sa ran zai taka. Rufi kuwa bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. A nan ba a cire takalmi, kowa na iya shiga lokacin ziyara.

Na je sayen sabulu. Na daɗe.

Lahadi, bayan la'asar

Tsohuwa ta fito ta zauna kusa da ni. Ba ta saba zama kusa haka a gaban mutane ba.

Ta ce, "Yanzu da babu takalmin riƙewa, me za ka riƙe?"



Ta ce, "Gajere ya gaya mini tun ranar farko. Jira nake in ga yaushe za ka gaji."

Na ce, "To me zan ce masa?"

Ta ce, "Kai ba ka san abin da ɗanka ke yi mana a ciki ba. Ya ga matarsa, ya san ta sauka lafiya. Amma ya ƙi a gaya masa mace ce ko namiji. Na buɗe baki, ya toshe kunne da hannunsa mai lafiya. Ita ma ta gwada, ya rufe ido ya ce barci yake yi. Kwana uku ke nan. Maijego har ta fara kuka. Ya ce wanda ya fara shi zai ƙarasa. Taurin kan gidanku ne, ni ban zo da shi ba."

Ba a shiga da jarirai ɗakin. Katin Auduga har yau babu suna.

Na ce gobe.

Ta ce, "Allah ya kai mu. In ka je sayen sabulu zan bi ka da muciya."

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na shiga.

Gado na shida. Ya rame, an aske masa gefen kai, hannun dama duk bandeji inda kwano ya yanke shi. Na tsaya daga wajen ƙafafunsa na kasa ƙarasawa. Ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Hanyar da nisa, ko?" Na gadon kusa ya yi dariya bai san dalili ba.

Na zauna. Na ce, "Dogo, ni na kira ka. Ni na tsaya a ƙasa. Dokar ma tawa ce."

Ya ce, "Na sani, ai ina wurin."

Na ce, "Da ka saki."

Ya ce, "Wallahi Baba ban tuna da wata doka ba. Na ga tsakiyar kanka babu hula, sai hannun ya ƙi buɗewa. Bai yi shawara da ni ba." Ya ɗan yi tari, ya dafe haƙarƙari. Ya ce, "Gajere ya ce gudumata ta fasa bulo biyu. Ka ga gara da na bi kwano, ita ba ta san hanya ba."

Na fara gaya masa abin da Malam ya ce, na faɗin abu da yadda iska ke tare shi, da daƙiƙa ɗaya da rabi. Ban san me ya sa ba, bakina ne ya kama nan. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

Ya ce, "Baba, ajiye karatun nan, za ka koya mini ina kwance, lokaci na da yawa. Ka ce albishirina. Mako uku ke nan amsar tana bakina." Ya gyara kai a kan filo. Ya ce, "Goro."

Sai da na sha ruwansa. Na ce, "Fari ko ja?"

Ya ce, "Fari."

Na matso da kujera har gwiwata ta taɓa gadon, na ajiye hulata a cinya. A hankali na faɗa, don wannan karon babu nisa tsakaninmu.

Na ce, "Mace ce. Hancina gare ta."